Asabar a Argungu

Arzika, tunda ka ce Asabar ɗin nan ba ka da aiki,
kuma zaman ɗaki ya soma yi maka tsami a baki,
tashi ka tafi Argungu.
Na san ba lokacin su ba ne. Dalilin ke nan.
Lokacin su ba ka ganin gulbi,
sai ƙeyar mutane da ƙwarya.

Yi asuba da takalminka kusa.
Motar farko ke da direba mai haƙuri,
ta hantsi kuwa tana tsere da bashin jiya.
Kada ka yarda da kujerar gaba,
mutum biyu ake cusawa,
ka isa da sandar giya a cinya.
Bayan direba, jikin taga,
nan iska take, nan hira ke faɗowa.

In kun wuce Ambursa, ajiye waya.
Fadama za ta buɗe maka hannu,
shinkafa kore shar har inda ido ya gaji,
balbelu tsaye a ciki kamar an shanya wanki.

Riƙe canji, ƙananan takardu,
rabi a aljihu, rabi a wani wuri da kai kaɗai ka sani.
Kada ka ce za ka tura ta waya.
A bakin ruwa sabis ɗan kifi ne,
ka gan shi, ka miƙa hannu,
ya nutse.

Fara da gidan tarihi tun rana ba ta yi ƙarfi ba.
Gaida mai gadi da kyau, ka tambayi iyali.
Wanda ya gaisa shi ake nuna wa ɗakin ƙurya,
wanda ya yi sauri,
bango yake gani.

Daga nan sai Matan Fada.
Tambayi Nomau, mai jirgin da aka lige da gwangwanin madara.
Ku gama ciniki ƙafarka na kan tudu,
ba a neman ragi a tsakiyar gulbi.
Waya a leda. Zauna tsakiya.
In sha'awar hoto ta ce ka miƙe,
ce mata ba ka iya iyo ba.
Nomau ba ya magana sai an bar gaɓa,
to kai ma yi shiru,
ka ji yadda sanda ke tambayar ƙasa.

Azahar, nemi rumfar Tumba.
Kafin ta soya, ɗaga kunnen kifin:
ja, na yau ne;
in ya yi fari, yabi rumfar ka wuce.
Ci a can, da yaji, da hannu.
Kada ka ɗauro ɗanye a mota,
za ku yi faɗa da mutum shida da ba ka sani ba.

La'asar ta same ka a tasha.
Wannan kam ka riƙe.

Ni ban riƙe ba.
Shekarar da muka je da Kulu,
ta ce mu ƙara kallon ruwa kaɗan,
kaɗan ɗin ya cinye motar ƙarshe.
Muka kwana bisa buhunan shanshera,
sauro na yi mana guɗa,
tana dariya har mai shayi ya ba mu bargo.
Shekara tara ke nan da rasuwarta,
duk shawarar da na ba ka
daga daren nan na tsinto ta,
kuma da za a mai da ni,
zan sake rasa motar.

Kai dai ka dawo da wuri.
Ba na son tsaraba, gwiwata ce ta hana ni bin ka.
Amma kada ka wanke takalminka a hanya.
Kawo mini shi da lakarsa,
in gani.